Mutum-mutumin Nok a Louvre: sayarwa aka yi ko aro?

Wannan dalar gilashin ita ce ƙofar Louvre a birnin Paris. An kammala ta a 1989. Ginin da ke bayanta kuwa tsohuwar fadar sarakunan Faransa ce, a 1793 aka mayar da ita gidan tarihi. Mona Lisa na ciki, wadda wani ɗan Italiya ya sace a 1911, sai bayan shekara biyu aka same ta. Amma yau ba ita ta kawo mu ba.

Ku dubi wannan fuskar ta yumɓu. Ku lura da idon, mai kusurwa uku, an huda tsakiyarsa. Aikin Nok ke nan, sunan wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jaba, nan jihar Kaduna. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irinsa a 1928.

Tunda hoton wannan fuskar a Louvre ya shiga WhatsApp ake ta musu kan yadda irin waɗannan kaya suka je can. Wasu sun ce Turawan mulkin mallaka ne suka kwashe, wasu sun ce gwamnati ce ta sayar. Duk ba haka ba ne, to ku saurara da kyau.

A ƙarshen shekarun 1990 Faransa ta sayi mutum-mutumi guda uku a hannun wani dillali a Beljiyam, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato. Alhali dokar Najeriya ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Da aka baje biyu daga cikinsu a Louvre a 2000 sai masana suka yi ca. A 2002 aka ƙulla yarjejeniya: Faransa ta amince kayan mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, ana iya sabuntawa.

Aro. A takarda namu ne, a zahiri suna Paris. Ku lissafa da kanku, 2002 a ƙara 25.

Ni abin da ya fi yi min ciwo shi ne ramin da aka tono su. Wanda ya haƙa da dare ya farfasa tukwanen da ke gefe, ya watsar da gawayin da masana ke auna shekaru da shi. Wannan kam ko an dawo da kayan, ya tafi.

Ga Titin Ali Akilu nan, ga gidan tarihinmu na Kaduna. Akwai na Nok a ciki, kuma shiga ba ta buƙatar biza.