Lacca: Zubi a katin ƙarshe idan tebur ya zama iri ɗaya

To jama'a, ku matso gaba, abubuwa uku zan faɗa yau a kan wasan foka, irin na Texas Hold'em. Kati biyu ne a hannunka, biyar a tebur, kuma na biyar ɗin, na ƙarshe, shi 'yan wasa ke kira "riba". Ina ganin wasu na murmushi. A'a, ba ribar kasuwa ba ce, sunan kati ne, kuma a nan ne ma aka fi tafka asara.

Na farko, mu san teburin. Kati 52 ne, iri huɗu, kowane iri 13. Katunan tebur uku na farko su fito duk iri ɗaya, wannan yana faruwa kamar sau 5 ne cikin 100. A ce duk zuciya ne, ɗaya daga cikin iri huɗun. Duk mai zuciya biyu a hannu ya haɗa fulash ke nan, wato biyar iri ɗaya. Saura zuciya goma a ɓoye, hanyoyin haɗa biyu daga cikinsu 45 ne. Ku riƙe 45 ɗin nan.

Na biyu, wanda shi ne ya fi burge ni, shi ne As ɗin zuciya, wato kati mafi girma a cikin zuciya. A ce an kai katin ƙarshe, zuciya uku ne har yanzu a tebur, kai kuma kana riƙe da As ɗin zuciya shi kaɗai, ɗaya katin naka tarkace ne. Ba ka da fulash. Ba ka da komai! Amma ka san abin da abokin karawarka bai sani ba: babu yadda za a yi ya riƙe fulash mafi girma, tunda makullinsa yana hannunka. Cikin 45 ɗin nan, tara sun fita, saura 36, kuma taran da suka fita su ne waɗanda ba za su taɓa ajiye kati ba. Kun gane? Bari in maimaita, don na ga na bayan can yana duba waya. As ɗin ba ya ci maka wasa, rufe masa ƙofa yake yi. Shi ya sa idan za ka yi burga, wato ka zuba kuɗi ba ka da komai don ya tsorata ya ajiye katinsa, a irin wannan tebur, da wannan katin ake yi, kuma a zuba da nauyi. Ka zuba daidai kuɗin da aka tara a tsakiya, ka sa 100 don ka ɗauki 100, to in ya ajiye sau ɗaya cikin biyu, ba ka faɗi ba. Shi kuma zai sa 100 don ya ɗauki 200, don haka sai ya ci sau ɗaya cikin uku kafin amsawar ta yi masa amfani. Daga nan aka samo ƙa'idar nan: a irin wannan zubin, hannu biyu na gaskiya, ɗaya na burga. Na taɓa yin wannan da wani da ba ya ajiye kati ko da sama za ta faɗo, ya amsa da 'yar ƙaramar fulash ta huɗu da biyar, ya kwashe. Lissafina daidai ne, mutumin ne ban karanta ba. Wanda ba ya jin tsoro, ba a yi masa burga.

Na uku... ko na huɗu ne? Girman zubi. Kana da tagwaye masu kyau, wato kati biyu masu lamba ɗaya, amma ba fulash, zuba kaɗan, kamar sulusin abin da ke tsakiya, ko ka wuce kawai. Idan kuma kati ya maimaitu a tebur, misali takwas biyu, ka tuna ful haus, wato uku masu lamba ɗaya haɗe da tagwaye, ya fi fulash, sai ka sassauta.

Na'am, ga hannu can.

"Malam, to idan zuciya ta huɗu ta faɗo a ƙarshe fa?"

Madalla, ai da na manta da wannan. Komai ya sauya. Yanzu zuciya ɗaya tak ta isa fulash, kuma tara ne suka rage a ɓoye. As ɗin nan da kake burga da shi ɗazu ya zama hannun gaskiya, matuƙar tebur bai maimaita kati ba kuma katunan ba su jeru ba. Amma mai bakwai ɗin zuciya fa? Ya ga fulash, ransa ya yi fari, ya zuba. Wa zai amsa masa? Mai ƙasa da shi zai ajiye, mai sama da shi zai amsa ko ya ƙara. To me ya samu? Wannan wucewa ake yi, in an zuba kaɗan ka amsa, in an zuba da yawa ka ƙirga zuciya nawa suka fi taka waɗanda ba su a tebur. In As da Sarki suna tebur, Sarauniya ce babba, ba wai...

Ana nuna min agogo. To, na ji. Mai tambayar, same ni a waje mu ƙarasa da kati a hannu.