Fita Kallon Namun Daji da Yara: Yadda Abin Yake

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, sanyi yana ratsa riga, an tashi yara da ƙyar an zuba su a mota mai buɗaɗɗen rufi. Kada ku ɗauka mugunta ce. Zaki yakan kwashe awa 16 zuwa 20 a kwance kullum, farautarsa kuma galibi da dare ne ko da sanyin safiya. Wanda ya fito da rana tsaka, ba abin da zai gani sai jela tana korar ƙuda a gindin bishiya.

Wannan shi ake kira safari. Kalmar Swahili ce mai tushe a Larabci, gida ɗaya da kalmar safara.

To, ina za a nufa? Yawancin mutane Serengeti ta Tanzaniya suke fara ambata, da maƙwabciyarta Masai Mara ta Kenya. A nan ne dabbar da Swahili ke kira nyumbu, mai gemu da ƙaho kamar na sa, take zagayen neman ciyawa, su fiye da miliyan ɗaya, jakunan dawa na rufa musu baya. Daga Yuli zuwa Oktoba suke tsallake kogin Mara, kadoji na dako a ruwa. Abin kallo ne, ba musu. Sai dai garken yakan yi cirko-cirko a bakin gaɓa awa uku, daga ƙarshe ya juya ya fasa. Babba zai daure. Ɗan shekara biyar kuwa, sai kowa a motar ya san yana nan. Ga mai ƙananan yara, ni Fabrairu na fi so, lokacin haihuwa a kudancin Serengeti, inda za ka ga ɗan maraƙi ya faɗo, kafin ka gama mamaki ya miƙe yana bin uwarsa.

Gandun Kruger na Afirka ta Kudu, wanda ya zama gandun ƙasa a 1926, tsarinsa daban ne. Akwai kwalta, kai za ka tuƙa motarka, masaukai kuma a kewaye suke da shinge. Yaro ya gaji, sai ku juya. Dokar dai ita ce kada a wuce gudun kilomita 50 a awa a kan kwalta, kuma a koma masauki kafin a rufe ƙofa da magariba.

Maganar sauro ba ta wasa ba ce. Kruger da Serengeti duka akwai zazzaɓin cizon sauro, don haka a ga likita tun kafin tafiya. Wanda ke da jariri ko mai juna biyu, ya duba gandun Madikwe, Pilanesberg ko Addo, duk a Afirka ta Kudu, inda babu wannan cuta. A tambayi masauki ma tun da wuri, don da yawansu ba sa ɗaukar ƙananan yara a motar zagaye. Tufafi kuwa, a guji shuɗi da baƙi a inda ake da ƙudan tsando, launin da ke jawo shi ke nan.

Yanzu ga tambayar da kowane yaro yake yi: me ya hana zakin nan faɗo mana? Dabbobin sun saba da mota, suna ganinta abu ɗaya ƙato wanda ba ya cuta, ba a kuma cinsa. Da zarar wani ya miƙe tsaye, ko ya zuro hannu, ko ya ƙwala ihu, ya ware kansa, an gane mutum ne. Shi ya sa jagora ke cewa a zauna, a yi ƙasa da murya. Giwa mai ɗa ma ta fi zaki saurin fushi. Wata 22 ta yi da cikinsa.

Za ku ji ana ta zancen manya biyar: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Mafarauta ne suka raɗa sunan, don su ne mafiya haɗarin farauta a ƙafa. Iyaye sukan ɗora wa kansu sai sun ga duka, ga damisa ba ta son a gan ta. Yara ba ruwansu da wannan lissafi. Ku ba kowanne tabarau mai hangen nesa da ɗan littafin zane, ku roƙi jagora ya nuna musu sawun kura da na zaki, na kura da alamar farce, na zaki babu. Idan kuma buzuzu ya fito yana mirgina kashin giwa da ƙafafun baya, a kashe mota.