Yahoo, Hotmail da zamanin kafe a Katsina

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya yi wayo a Katsina kafin shekarar 2000 ya san yadda ake aika saƙo ga ɗan'uwan da ke karatu a Madina ko Sudan. Ko dai a rubuta wasiƙa a manna kan sarki a kai gidan waya, ko a taru gaban rikoda a cika kaset da gaisuwa, har kaka sai ta sa albarka, sannan a jira mai tafiya. Amsa kuwa, sai a shafe wata ana zuba ido.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan jira ya faro ne nesa da mu. A 1991 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya fito da shafin intanet na farko daga cibiyar bincike ta CERN a Suwizalan. Rubutu ne zalla, ko hoto babu.

Amma shafin da ya taɓa rayuwarmu kai tsaye sai a 1996 ya zo: Hotmail, shafin aika wasiƙa ta intanet, wanda Sabeer Bhatia ɗan Indiya da abokinsa Jack Smith suka kafa. Yahoo ta biyo da nata akwatin saƙon a 1997. To ga dabarar, ku kula da kyau. Wasiƙunka ba sa cikin kwamfutar da kake taɓawa, suna can ajiye a wurin kamfanin. Da suna da kalmar sirri, a kowace kwamfuta ka zauna akwatinka zai buɗe, kuma kyauta. A ganina wannan ne ya yi wa talaka rana, domin mu nawa ne ke da kwamfuta a gida?

Shi ya sa kafe, wato shagon da ake biyan kuɗi a shiga intanet a kwamfutarsu, ta yi kasuwa. Ka sayi rabin awa, a miƙo maka lamba a 'yar takarda, janareta na ruri a waje, lokacinka na zuba a gefen allo, shafi kuma na buɗewa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Mai dabara tun a gida yake rubuto wasiƙarsa, ya zo ya kwafa da yatsa ɗaya. Wanda bai iya ba, yaron kafe ne zai buɗe masa akwati, ya rubuta masa kalmar sirrin a bangon littafi.

Da WAEC da JAMB suka mayar da duba sakamako intanet, sai layi ya ƙaru. Ɗalibi ya sayi kati, ya kankare bayansa da farce, ya shigar da lamba gabansa na faɗuwa, abokai sun yi cincirindo a bayansa. Na ƙauye kuwa sai ya biya kuɗin mota ya shigo gari tukuna.

Wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, sannu a hankali intanet ta koma cikinta. Kafe da yawa suka rufe, waɗanda suka rage suka koma buga takardu da cike wa mutane fom.