Shimfiɗar akurki da maganin ƙuda: darasi ga masu fara kiwon kaji a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Gombe muke magana da ku, kuma darasin yau na masu fara kiwo ne, musamman iyayenmu mata da ke ajiye kaji ashirin ko talatin a bayan gida. Tambayar da aka fi yi min ita ce: Malam, ƙuda ya hana mu sakat, maƙwabta har sun fara ƙorafi, wane magani za mu fesa? To Hajiya, ajiye kuɗin maganin tukuna. Mu fara duba abin da ke ƙarƙashin ƙafar kajin, wato shimfiɗar da ake zuba musu a ƙasan akurki.

Ƙuda danshi yake bi. Macen ƙuda takan saka ƙwai wajen 100 a zama ɗaya, a cikin jiƙaƙƙen kashin kaji, kafin kwana ɗaya sun ƙyanƙyashe sun zama tsutsa. A irin zafin garin nan, kwana 7 zuwa 10 sun isa tsutsar ta zama ƙuda mai tashi, ita ma ta fara saka nata. Amma tsutsar nan ba ta rayuwa a busasshen wuri. Shi ya sa nake cewa idan shimfiɗarki a bushe take, kin gama da mafi yawan matsalar.

Matso da kyamarar nan su gani. Ga abu uku na zuba a ƙasa. Wannan na farko dusar katako ce mai manyan ɓarɓashi, wadda ke fitowa daga injin feraya, ba garin zarto ba. Ita na fi so, tana shan ruwa, tana da laushi, kuma ba ta dunƙulewa da wuri. A kasuwar katako ake samun ta buhu-buhu, sai dai ku tambayi mai injin ko katakon an shafa masa maganin gara ko baƙin mai. Idan an shafa, ku bar masa kayansa.

Na biyu ɓuntun shinkafa ne. Mu nan Allah Ya hore mana shi, tunda ana noman shinkafa sosai a Dadin Kowa, kuma duk inda injin casa yake za ku tarar da shi tsibi guda, wani lokaci kuɗin mota kawai za ku biya. Bai kai dusar katako shan ruwa ba, amma yana saurin bushewa, kaji kuma suna son tona shi. Ga mai ƙaramin jari, babu abin da ya fi shi sauƙi.

Wannan na uku, garin zarto mai laushi, shi ne nake ja muku kunne a kai. 'Yan tsaki suna ɗaukarsa abinci, su cika ciki da shi, su ƙi girma, ƙurarsa kuma tana shiga musu hanci da ido. Ɓawon gyaɗa ma ana amfani da shi, amma in ya taɓa jiƙewa yakan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana kama huhun 'yan tsaki, ku ga suna buɗe baki suna haki. Ku shinshina kafin ku saya. Ciyawa da kara kuma ban cika ba da shawararsu ba, sama a bushe, ƙasa jagwab.

Kaurin shimfiɗar ya kai inci 3 zuwa 4, wato kamar faɗin yatsu huɗu zuwa biyar. Kar a yi rowarta. Idan 'yan tsaki ne sababbin zuwa, a rufe saman da takarda mara santsi na kwana uku na farko, har su gane abincinsu, sannan a ɗauke.

Yauwa, ga yadda za ku gane ko shimfiɗa ta jiƙe. Ku ɗebo cikin hannu ku matse, kamar haka. Kun ga na buɗe hannuna ta wargaje? Wannan lafiya lau. Yanzu bari in ɗebo daga gindin mazubin ruwa. Kun gani, ta dunƙule kamar curin fura, har da sanyi a tafin hannu. Ku duba da kyau, ga 'yan fararen tsutsotsi nan suna motsi. Nan ne gidan ƙudan, kuma a irin wannan danshin ne ƙwayar cutar zawon jini take yaɗuwa tsakanin kaji. Ku kwashe wurin da shebur yau ɗin nan, ku zuba sabuwa. Mazubin ruwan kuma a ɗora shi kan bulo ko a rataye shi daidai tsayin bayan kaza, don su daina tattakawa suna zubarwa. Duk bayan kwana biyu ko uku a bi shimfiɗar da manjagara a juya ta.

Akwai kuma zarni. Kai da kake tsaye ba lallai ka ji shi sosai ba, amma ka durƙusa ka kai fuskarka daidai kan kaza. In idonka ya yi yaji, to su a haka suke kwana suke tashi. Maganinsa iska. Da hunturu mutane kan lulluɓe akurki da leda ruf saboda sanyi, ku riƙa barin sama a buɗe. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, ku duba rufi da inda feshin ruwa ke shigowa, ku haƙa 'yar magudana ta bayan ɗakin. Toka tana da amfani, amma a zuba ta da yashi a kwano daban su yi birgima. In aka barbaɗa ta da yawa kan jiƙaƙƙen kashi, ƙara tayar da zarnin take yi.

Yanzu maganar feshi. Don Allah, don Annabi, kar a fesa fiya-fiya a ɗakin da kaji suke, ko kusa da abincinsu da ruwansu. Guba ce, ga kajin, ga yaran gida, ga mai cin ƙwan. In abin ya gagara, a nemi likitan dabbobi ya faɗi maganin da ya dace da yadda ake amfani da shi.

Ga tarkon da kowa zai iya haɗawa. Robar ruwa babba, a yanke ta ta kafaɗa, a juya bakin ya kalli ciki, a zuba ruwan sukari da ɗan kan kifi. Ƙuda ya shiga, fita ta gagara. A rataye ta nesa da akurkin, can gefen katanga, don kar ku jawo su inda kuke korarsu. Fasasshen ƙwai da ragowar tuwo kar su kwana a ciki, mushe kuma a binne shi da zurfi nan take.

Tsohuwar shimfiɗar da kuka kwashe, kar a jibge ta a ƙofar akurki. A kai ta nesa a tara, a rufe da baƙar leda, a danne gefen da duwatsu, zafin rana zai kashe tsutsar da ke ciki. Bayan 'yan makonni ta zama taki mai kyau, masu lambun albasa da tumatir za su saya da kuɗinsu. Sannan kafin ku kawo sabon zubi, a share ɗakin, a wanke, a bar shi ya sha iska kamar mako biyu. Sai mun haɗu a darasi na gaba, Allah Ya sa wa kiwon albarka.