Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Bikin Buɗe Baje Kolin Zane-zanen Amurka

Assalamu alaikum. Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe, da 'yan rakiyarka, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. A madadin Sashen Zane-zane ina yi maka lale marhabin.

Abin da muka rataya a bangon nan kwafi ne, na ainihin suna Amurka. Duk na ruwa ne da jirage, kuma akwai biyu da nake roƙon ka ɗan dakata a gabansu.

Na farko na Winslow Homer ne, "Breezing Up", wanda ya fara a 1873 ya kammala a 1876, yanzu yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washington. Magidanci ne da yara uku a ƙaramin jirgi, a ruwan garin masunta na Gloucester. Iska ta cika ƙyallen har jirgin ya karkata, ga kifin da suka kama a cikin jirgin, yaro guda kuma shi ke riƙe da akalar jirgin, hankali kwance. Sai dai a duba lokacin. Yaƙin basasarsu bai daɗe da ƙarewa ba, a 1865. A 1869 layin dogo ya haɗe gabas da yamma, jiragen ruwa masu cin kwal kuma suna ta ƙwace dakon kaya daga masu jiran iska. Wato sai da sana'ar ta fara kuɓucewa sannan aka mayar da ita abin shan iska da marmari. A ganina, kewa ce Homer ya zana.

Na biyu na Thomas Eakins ne, shi bai ɓoye komai ba. A 1871 ya zana abokinsa Max Schmitt cikin siririn kwalekwalen tsere a Kogin Schuylkill, a Philadelphia, ya saki filafili yana hutawa. Can bayansa ga gadar jirgin ƙasa. Ɗalibanmu sun fi son wani abu daban: mai zanen ya saka kansa a nesa yana tuƙi, har da sunansa a jikin kwalekwalen.

Ranka ya daɗe, baƙo ba ya tafiya bai ji kukan gida ba. Rufin ɗakin nan yana yoyo, da damina sai mun sauke hotunan mun jingine a ofis. Muna fata za a duba.

Bismillah, ga almakashi, a yanke mana ƙyallen.