Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya A Taron Masu Binciken Halayyar Ɗan Adam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, malamanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likitocin da suka taso daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ɗalibai da sauran baƙi, barkanku da zuwa. Mun gode da ka ajiye hidimomin ofis ka amsa gayyatarmu.

Ranka ya daɗe, likita yana da abin awon jini da na zafin jiki. Mu kuwa tambayoyi ne kayan awonmu, kuma yawancinsu na aro ne. Ma'aunin damuwar bayan haihuwa na Edinburgh, mai tambaya 10, ya fito a 1987. Na halayyar yara da Robert Goodman ya tsara a 1997 tambaya 25 ne. Masu kyau ne, amma ba da gidajenmu aka auna su ba.

Dubi uwa mai kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban surukai, amma ita ce ke tashi tsakar dare ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓin ya sauka. Takardar da ke ƙirga runguma da kiran suna za ta ce ba su shaƙu ba. Haka ma'aunin zaman aure da bai san da kishiya ko rabon kwana ba, me zai faɗa mana game da gidan mata uku?

Shi ya sa aikinmu na mayar da waɗannan ma'aunai Hausa da daidaita su da gidajenmu ke cin lokaci. Wani ya fassara, wanda bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a gwada su. Sannan mace ta shiga cikin gida ta karanta wa mace da baki, don da yawa ba su yi boko ba, kuma ba kowace magana ake yi gaban maigida ba. Bayan mako biyu a koma a ga ko amsa ta tsaya. A lissafa daidaiton tambayoyin, wato ko abu ɗaya suke aunawa, da hanyar lissafin masani Cronbach ta 1951, a kwatanta da abin da likita ya gano da kansa.

Roƙonmu ɗaya ne: a ba mu izinin shiga asibitocin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan ta Sakkwato, a haɗa mu da ma'aikatan da ke karɓar awon ciki, mu horar da su.

Allah ya maida kai gida lafiya.