An sa ranar canja min gwiwa, ku zo ku ga shirin da nake yi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan Birmingham. Masu ta aiko min da saƙo "Anti ya ƙafa?" to ƙafa dai ga ta nan, an sa rana, gwiwar dama za a canja in sha Allahu. Guringuntsin ya cinye ƙurmus, ƙashi ne ke gugar ƙashi, don haka za su goge wurin su sa ƙarfe da roba. Aikin kansa awa 1 zuwa 2 ne, amma hidimar da ake yi kafin a kai ga ranar, wallahi ta fi shirin biki.

Da farko sun kira ni gwaji, aka ɗebi jini, aka auna zuciya da hawan jini, sannan nas ta sa min auduga a hanci wai ana neman wata ƙwayar cuta MRSA mai taurin kai da ba ta jin wasu magunguna. Masu suga ku saurara, akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda suganka yake a watanni 2 zuwa 3 da suka wuce, a nan Ingila yawanci suna so ya zama ƙasa da 69, in ya haura sai a ɗaga maka aikin, ba ruwansu da cewa ka daɗe a layi. Haƙori ma sai an duba, saboda ruɓaɓɓen haƙori na iya tura cuta ta jini ta je ta maƙale a sabuwar gwiwar. Ko ƙurji ne ko ƙwarzane a ƙafar zai iya sa a fasa, shi ya sa suka ce kar in kuskura in sa reza.

Sai maganar magunguna. Nas ta ce in lissafo duk abin da nake sha har da na gargajiya, na ce zogale da habbatus sauda su ma magani ne? Ta ce rubuta. Irin waɗannan ana ajiye su tun saura sati 2, masu shan maganin tsinka jini kuma likita ne zai faɗi ranar dainawa, dan Allah kar wani ya yanke wa kansa.

Bari in juya kyamara ku ga falo. Kafet ɗin tsakiya na naɗe shi saboda tuntuɓe da sanda, gado yara sun sauko min da shi ƙasa don in huta da hawa bene, banɗaki kuma an ɗora wa masai wani abu da ya ƙara masa tsayi. Ga firiza, miyar kuka, miyar taushe, kuɓewa busasshiya, kowacce a robarta na rubuta suna, don in na bar wa yaran nan girki to taliya za mu yi ta ci har in warke.

Abin da ya fi tsaya min a rai sallah ce. Na tambayi likitan kai tsaye, zan koma yin sujada a ƙasa? Bai yi min alkawari ba, ya ce durƙuso na yi wa mutane da yawa wuya bayan aikin, wasu na iyawa daga baya wasu a'a. Na ji daɗi da ya faɗi gaskiya. Ga kujerar nan kusa da dardumata, dama na riga na saba da ita.

Kullum kuma ina motsa jikin da suka koya mana, a kwance, in miƙe ƙafa in danna bayan gwiwa a katifa in ƙirga biyar in saki, don naman cinya ya yi ƙarfi tun yanzu. Ranar aiki ba abinci awa 6 kafin a shiga, ruwa zalla kuwa har saura awa 2. Zuwa gida bana kam babu, likita ya hana ni doguwar tafiyar jirgi sai an kwana biyu saboda gudajin jini, Hajiya ki yi haƙuri. Ku sa ni a addu'a, sai bidiyo na gaba.